Cokali Uku Na Farin Fenti

Duk wanda ya zauna a Gyaɗi-Gyaɗi kafin injinan buga fosta su cika gari ya san shagon Maje mai zane. Yana nan maƙale tsakanin wani kemis da rumfar mai faci, a bakin hanyar da ma'aikatan asibitin koyarwa ke bi da safe. Shagon bai fi ɗakin girki girma ba, kuma warin kananzir ne ke fara amsa maka sallama kafin mai shagon ya ɗago kai. Maje dogo ne siriri, wankan tarwaɗa, magana ba ta dame shi ba. Ba a taɓa ganin farcensa babu fenti ba, ko da ranar Idi ce. Yana rubuta allon shaguna, yana zana kawunan aski, yana zana zaki da ɗawisu a bayan motocin kaya, amma abin da ya fitar da sunansa shi ne fuskar mutum. Ka kawo masa ɗan fasfo da bai fi kwalin ashana ba, ya ja masa layuka, bayan kwana uku ya miƙo maka kanka a kan allo.

A shekarar 1979 ya koyi zanen fuska, lokacin da soja suka ce sun gaji za su koma bariki. Gari ya cika da 'yan takara, kowa yana son a ga fuskarsa a bango ko a ƙyalle. Maje yana saurayi a lokacin, yana aiki a ƙarƙashin wani tsohon mai fenti a Fagge, Malam Haruna, mutum mai faɗa da ƙwarewa daidai wa daida. Shi ne ya ba shi ƙa'idar da ta bi shi har tsufa.

"Idan ka haɗa launin fata ka ga ya yi daidai da mai shi, to ba ka gama ba," in ji Malam Haruna. "Ƙara cokali uku na fari. Hancin ma ka ɗan tsuke shi. Shekarata talatin a wannan aiki, ba a taɓa dawo min da hoto don na haskaka mutum ba."

Kuma ba ƙarya ya yi ba. Mutum zai shigo baƙi ƙirin, ya karɓi hotonsa fari tas kamar jarumin fim ɗin Indiya, ya ɗaga shi sama ya juya shi, ya washe baki ya ce, "Wallahi ni ne sak." Haka muke, ba sai an ɓoye ba. Maje bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa ko akwai laifi a ciki ba. Hannunsa ya koya, shi ke nan. Har ta kai ko hira yake yi, cokalin kan shiga gwangwanin fari sau uku ba da saninsa ba.

A shekarar ce ya haɗu da Sa'adiya. 'Yar wani ƙauye ce a bayan Dawakin Kudu, ta zo Gyaɗi-Gyaɗi zama wajen yayarta Asabe, tana yi wa matan unguwa kitso. Baƙa ce, irin baƙin nan mai sheƙi wanda ko ba ta shafa mai ba sai ka ɗauka ta shafa. Tana da faffaɗan hanci da wushirya, ga tsokana kamar ta yi me. Maje ya so ta, so na gaske, irin wanda yake sa marar magana ya zauna a dakalin zaure har a kira isha'i yana ta zuba. Aka ɗaura aure, suka kama ɗaki ciki da falo a bayan masallacin unguwa. Bayan shekara guda da 'yan watanni ta haifi 'ya mace aka sa mata Naja'atu.

Da ta gama wankan jego, Maje ya ce zai yi mata kyautar da babu mijin da ya taɓa yi wa matarsa a layin. Mako biyu yana ɓoye a shago yana zana ta. Bai nemi fasfo ba, don me zai nema? Fuskar da yake tashi da ita kullum. Ya zana ɗaurin ɗankwalinta da ɗan kunnen da ya saya mata, ya zana yadda take karkatar da kai idan za ta tsokani mutum. Hannu kuma ya yi abin da ya saba.

Ranar da ya kawo allon, ya jingina shi a jikin gado ya yaye ƙyallen da ya rufe shi, ya koma gefe yana jiran yabo. Sa'adiya tana shayar da yarinya. Ta daɗe tana kallo.

"Malam, wace ce wannan?"

"Kamar yaya wace ce? Ke ce mana."

Ta yi dariya, amma ba irin dariyarta ba. "Ɗankwalina ne, ɗan kunnena ne. Ita kuma kyakkyawa ce, tubarkalla. Amma idan irin wannan kake so, ai da ka faɗa tun kafin a shafa fatiha."

"Haba Sa'adiya, haka ake yi. Kowa haka yake so."

"Ni ba kowa ba ce," ta ce a hankali, ta mayar da ido kan jaririyar. "Fitar min da ita daga ɗaki, Malam. Ba na son tana kallona."

Maje ya ji haushi, irin haushin mai sana'a da aka raina wa aiki. Ya ɗauki allon ya mayar shago ya tura shi bayan katakai. Da ya huce ya ce mata zai gyara. Ta ce to. Bayan wata biyu ya sake cewa zai gyara, ta ce to. Ba ta ƙara tayar da maganar ba, sai dai ya lura idan za su fita unguwa ta daina tambayarsa ko ta yi kyau. Wannan ya gani, ya kuma yi kamar bai gani ba. Ya ɗauka akwai lokaci.

Da daminar 1983 Sa'adiya ta rasu wajen haihuwa ta biyu, ita da abin da ke cikinta. Naja'atu tana da shekara biyu.

Hotunan Sa'adiya a duniya guda uku ne, fasfo biyu da wani na ranar biki wanda ba a ganin komai nata a ciki sai haƙora da fararen ido. Ranar sadakar uku mahaifiyarta ta tattara su duka ta cusa a murhun da ake dafa abincin baƙi. A wajensu haka ake yi, don sun yarda cewa barin hoton mamaci yana ja masa wahala a kabari. Ba wanda ya tambayi Maje, shi ma yana waje a kan tabarma bai san inda kansa yake ba. Sai wani mai baki ya ce ai akwai wani babba a shago. Tsohuwar ta ce a ɗauko. Aka kawo allon aka tsayar a gabanta, ta matso da fuskarta ta dube shi sama da ƙasa.

"Ku bar masa abinsa," ta ce. "Wannan ba 'yata ba ce. Ba abin da zai same ta saboda wannan."

Haka hoton ya tsira. Ƙaryar da ke cikinsa ce ta cece shi daga wuta, kuma da ya koma ɗaki ya ga babu komai na Sa'adiya sai kwalla da tabarma, Maje ya buga ƙusa ya rataye shi. Ba shi da wani.

Daga nan rayuwa ta watsa mutane. Dangin Sa'adiya suka koma ƙauye, tsohuwar ba ta daɗe ba ita ma ta bi 'yarta. Aka yi wa mijin Asabe canjin wajen aiki zuwa can gabas, suka tafi, sai saƙon gaisuwa shekara-shekara, daga baya ma saƙon ya ɗauke. Maje ya kasa zama a ɗakin, ya koma Darmanawa inda ba wanda ya san matarsa, yana zuwa shago a keke. Bayan shekara uku ya auri Ladi, wata mace mai haƙuri daga Ƙauyen Alu, wadda ta riƙe Naja'atu tsakani da Allah. Ladi ba ta taɓa ganin Sa'adiya ba. Abin da ta sani shi ne farar matar nan da ke rataye a ɗakin yarinya, wadda take rufewa da zane idan za a yi salla.

Sai a haɗa da wani abu. Naja'atu 'yar fari ce, Maje kuma mutumin da ne, yana kunyar 'yar fari yadda aka gada. Ba ya kiran sunanta, sai dai ya ce "ke" ko "yarinyar nan". Ba ya zama hira da ita, ba ya ɗaga ido ya kafa mata. Idan ta durƙusa gaishe shi, ƙasa yake kallo ya amsa. Mutumin da ke iya zama awa uku yana nazarin hancin wani baƙo bai taɓa yi wa fuskar 'yarsa kallon minti ɗaya ba. Ba don ba ya sonta ba. Yana sonta har yana jin tsoro, don ko muryarta ya ji daga soro sai ƙirjinsa ya buga, muryar uwarta ce.

Yarinya ta tashi da allon nan a matsayin uwa. Da safe ta ce masa ina kwana. Idan an dake ta a makarantar allo, gabansa take zuwa ta yi kuka. Idan ta ci jarrabawa, shi take fara nuna wa takarda kafin Ladi. Wata rana tana da shekara shida, Maje yana ɗaure kaya a bayan keke, ta zo ta tsaya a gefensa.

"Baba, me ya sa Mama fara ce ni kuma baƙa?"

Kalma biyar ta ishe shi ya gyara komai a ranar. Amma gyaran yana nufin ya tsuguna ya kalli 'yar fari ido cikin ido, ya ce mata ubanki ya yi wa uwarki ƙarya da fenti. Sai ya ja igiyar kayan ya ce, "Haka Allah ya yi ki. Je ki, za ki makara." Ta tafi. Ba ta sake tambaya ba, shi kuma ya ɗauka ta manta.

A ƙarshen 1998 soja suka sake cewa za su tafi, aiki ya dawo wa Maje kamar ruwan sama. Masu neman kansila a Tarauni kaɗai sun ishi mutum, balle masu neman ciyaman da majalisa. Kowa da fasfonsa a aljihu, kowa da raɗar da yake yi idan zai fita: "Malam Maje, a ɗan wanke ni." Wani ma yakan turo yaransa su faɗa, don shi yana jin nauyi. Maje ya wanke su tas. Daga Gyaɗi-Gyaɗi har Darmanawa bango ya cika da fararen mutane masu siririn hanci, waɗanda idan suka zo kamfe da kansu sai an nuna wa jama'a su da yatsa.

A lokacin Naja'atu ta kai sha takwas, tana makarantar koyon aikin jinya, tana kwana a ɗakin ɗalibai, sai ranar Juma'a take zuwa gida. Sau biyu Ladi tana tare shi da magana.

"Malam, ka kuwa kalli yarinyar nan kwanan nan?"

"Me zan kalla? Ba lafiya take ba?"

"Lafiya lau. Amma ka kalle ta."

Ya ce to, ya hau kekensa.

Cikin bazara, ana saura 'yan makonni a miƙa mulki, sai ga Asabe. Mijinta ta kawo asibitin koyarwa, ta yi ta tambaya har aka nuna mata shagon, Maje ya rufe ya kawo ta gida. Ranar Juma'a ce bayan la'asar. Suna zaune a tsakar gida, Ladi ta kawo ruwa, ana ta jajanta shekarun da suka wuce, sai Naja'atu ta yi sallama da jakarta a kafaɗa. Asabe ta amsa kamar yadda ake amsa wa baƙuwa, ta ci gaba da maganarta.

"Yaya Asabe, ai ita ce," in ji Maje, yana kallon ƙasa. "Ke, ga yayar mahaifiyarki."

Yarinyar ta saki jakar ta faɗa jikin Asabe. Tunda take ba ta taɓa ganin wani daga dangin uwarta ba. Ta ruga ɗaki ta ciro allon ta kawo, ta tsaya kusa da shi, ta ja hijabinta baya kaɗan.

"Inna, ki duba da kyau. Na fara kama da ita ko?"

A nan ne Maje ya ɗaga ido. Abin da ya gani bai bar shi ba har yau. Fuskar 'yarsa ta yi wani irin ja mai ɗaukar ido kamar an yaye mata fata, kumatun sun ƙone sun yi duhu, ga jijiyoyi kore a gefen goshi. Hannun da ta riƙe allon da shi fari ne, amma gaɓoɓin yatsun baƙaƙe ne wuluk, sun ƙi bin sauran. Shekara biyu tana shafa man bilicin, tana haɗawa da wani da ƙawayenta ke kawowa a kwalba marar suna. Ita da ke karatun jinya ta fi kowa sanin abin da yake yi wa fata. Ta sani, ta shafa.

Asabe ta dubi yarinyar, ta dubi allon, ta dubi Maje. Sai ta ɗora hannu a ka.

"Maje, wannan abin ka ba ta? Wannan da Innarmu ta ce ba 'yarta ba ce?" Ta kamo hannun Naja'atu ta shafa baƙaƙen gaɓoɓin da babban yatsa, hawaye na zuba. "'Yar nan, ga uwarki nan. Nan kaɗai ta rage. Sa'adiya ta fi ki baƙi. Duk ƙauyenmu ba wanda ya kai ta, kuma ba wadda ta kai ta kyau. Ranar da aka haife ki cewa muka yi ta haifi kanta."

Naja'atu ta juya wajen ubanta. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi.

"Baba, gaskiya ne?"

"Gaskiya ne."

"Kai ka zana?"

"Ni na zana."

Ta mayar da allon ɗaki ta rataye shi a ƙusarsa, ta rufe ƙofa. Washegari da sassafe ta koma makaranta ba ta jira Lahadi ba.

Maje ya kwana biyu ba ya iya haɗiye abinci. Baƙin ciki ya taru masa biyu, na matar da ta mutu tana zaton ba ita yake so ba, da na 'yar da ta ƙone fuskarta don ta kamo matar da ba a taɓa haifa ba. Ranar Litinin ya shiga ɗakin yarinyar ya sauke allon ya ɗaure a bayan keke. Ladi ta biyo shi har soro.

"Malam, ka bari ta dawo tukuna. Nata ne."

"Alkawari na ɗauka tun tana cikin zani," ya ce. "Yau zan cika."

Masu zanen allo ba sa sayen sabon katako don gyara. Idan suna ya canja ko ɗan takara ya faɗi, sai a goge tsohon da samfefa, a shafe da fari, a hau sabo a kai. Haka aka koya masa, haka ya yi shekara ashirin yana yi. Bai ko tsaya tunani ba. Kafin azahar farar matar ta zama ƙura a ƙasan shago, ya share ya zubar a kwata. Har wani sauƙi ya ji a ransa.

Sai aiki ya gagara. Ya buɗe gwangwanin baƙi ya shafa, ya fito kamar tayar mota. Ya ƙara ruwan ƙasa, ya fito kamar laka. Mutumin da duk Tarauni ke kira gwanin fuska ya gano bai san yadda ake haɗa launin mutumin Kano ba. Ya fito da benci bakin shago ya zauna yana kallon masu wucewa kamar baƙo: 'yan acaɓa, ma'aikatan jinya cikin fararen kaya, mai rake, mata masu kai abinci asibiti. Wani baƙinsa yana da shuɗi a ciki, wani ja, wani idan rana ta doke shi goshinsa har wani ruwan zuma yake yi. Ba mutum biyu masu launi ɗaya, kuma babu ko ɗaya mai launin gwangwaninsa. Wani ɗan takara da ya ci zaɓe ya aiko a yi masa babban hoto na ranar rantsuwa, Maje ya ce a gaya masa ba shi da lafiya.

Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne fuskar kanta. Idan ya rufe ido don ya ga Sa'adiya, farar ce ke zuwa. Shekara goma sha shida yana wucewa ta gabanta, ta cinye ta gaskiyar a cikin kansa. Sai da ya nemo wani fasfon Naja'atu na firamare ya ɗauki hanci da goshi a can. Kullum da yamma Asabe takan baro mijinta a gadon asibiti ta zo ta zauna a bakin shago tana gyara masa.

"Leɓen ya fi haka kauri. Ka daina jin tsoro, cika shi."

"Launin fa?"

"Ka sa ja a ƙarƙashi. Baƙinta ba na gawayi ba ne, na ɗinya ne idan ta nuna."

Sau huɗu hannunsa yana kai cokali gwangwanin fari yana janyewa. A ƙarshe ya ɗauki gwangwanin ya kai wa mai faci ajiya. Rana ta goma sha ɗaya Asabe ta zo ta tsaya a ƙofa, ba ta ce a gyara komai ba. Ta zauna a ƙasa ta ja mayafi ta rufe fuska, ta yi kukan da ba ta samu ta yi ba a 1983. Maje ya tsaya da buroshi a hannu, Sa'adiya tana kallonsa da kai a karkace, kamar za ta ce sai yanzu. Bai taɓa yin aiki mai kyan wannan ba, kuma ya san ba zai sake ba.

Naja'atu ba ta zo gida ba Juma'a biyu. Ta uku ta zo, ana gobe za a rantsar da sababbin shugabanni, gari ya cika da ganguna da jiniya. Maje ya riga ya mayar da allon ƙusarsa. Yana zaune a tsakar gida ta gaishe shi, ya amsa, wannan karon yana kallonta. Ta daina shafa man, fatar ta fara dawowa dabbare-dabbare, wani wajen duhu wani wajen ja. Ta shiga ɗaki. Ya ji ta ajiye jaka, daga nan bai ƙara jin motsi ba.

Can ta fito ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, ina Mama?"

"Ita ce wannan. Ita ce ta gaskiya, Innarki ta shaida."

"Na yarda. Ɗayar nake tambaya. Ina ka ajiye ta?"

"A kanta na yi."

"To a kankare wannan, tana ƙasa."

"Na goge ta kafin na fara. Haka ake yi."

Ta jingina da ƙyauren. Ladi da ke bakin murhu ta ajiye muciya.

"Na san ba ita ba ce," in ji Naja'atu. "Mako uku ina faɗa wa kaina. Na dawo ne yau in zauna a gabanta in gaya mata na sani, in ce mata ba komai. Ita na faɗa wa ranar da na fara salla. Ita na faɗa wa duk abin da ban iya faɗa maka ba. Wannan ta ciki kyakkyawa ce, Baba, amma ba ta san ni ba."

"Naja'atu," ya ce. Tunda aka raɗa mata sunan bai taɓa furta shi a gabanta ba, ya fito masa wani iri kamar ba da bakinsa ba.

Ta dube shi, hawayen suka zubo ta kan ƙonannun kumatun.

"Ta farko ban san lokacin da ta tafi ba, ina ƙarama. Ta biyun kuwa, da ka bari na yi mata sallama."

Ba ta ce a sauke allon ba, ba ta kuma rufe shi da zane ba. Ta ɗauko tabarmarta ta shimfiɗa a ɗakin Ladi, a can ta kwana ranar, a can kuma take kwana duk Juma'ar da ta zo har ta gama makaranta. Maje ya ci gaba da buɗe shago, yana rubuta sunayen kemis da na makarantu, harafi bayan harafi. Idan aka kawo masa fasfo sai ya mayar wa mai shi, ya ce idonsa ya yi rauni. Da yamma idan ya dawo yakan tsaya a ƙofar ɗakin da babu kowa a ciki sai Sa'adiya, ya yi sallama a hankali, ya jira kaɗan, sannan ya wuce ya ɗauki buta.